Jarin Yaya da na ci

 Makon jiya na gabatar da shiri a kan ƙananan basussukan da ake bai wa mata don su ja jari. Da muka buɗe layi, wata baiwar Allah ta kira daga ƙauye ta ce: "Malam, kuna ta cewa a ba mata bashi. To in an ba mu, wa zai hana mutanen gida su cinye?" Na yi dariya irin ta gaban makirfo, na ce maganarta ta yi kyau, na ɗauki kira na gaba. Amma har na kwanta tambayar tana cina a rai, don ni kaina na taɓa cin jarin mace, kuma macen nan yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

Bari in faro daga Inna. Tun ina yaro sana'arta matsar man gujiya ce da suyar ƙuli-ƙuli. Duk ranar Laraba da la'asar takan yafa gyale ta tafi taron asusu. Mata kusan talatin ne suke zama a tabarma, akwatin ƙarfe a tsakiya mai kwaɗo uku, mabuɗan suna hannun mata uku daban-daban, ta huɗu kuma ita ke ajiye akwatin. Kowa ta zuba abin da aka yanka, a lokacin dala ashirin ne. Wadda take son rance ta faɗa a gaban kowa, a ba ta, bayan wata guda ta maido da ɗan ƙari. In shekara ta zagayo a fasa asusu a raba, har da ƙarin da ya taru. Galibinsu ba su yi lakol ba, amma lissafin yana kansu, ba wadda za ka rikita. Da kuɗin akwatin nan aka saya mini kaye da bik har na gama koleji.

Sai da na girma na san cewa tsarin yana da suna da tarihi. Mata Masu Dubara ake ce masa, ƙungiyar CARE ce ta faro shi a jihar Maraɗi a shekarar 1991, an ɗora shi a kan adashen da iyayenmu suka sani tun da can. Daga nan ya bazu zuwa ƙasashe masu yawa na Afirka da wajenta. Akwai kuma wata hanyar ta dabam wadda ta fito daga Bangaladash. A 1976 wani malamin jami'a, Muhammad Yunus, ya ranta wa mutum 42 na ƙauyen Jobra dalar Amurka 27 daga aljihunsa, cikinsu har da mata masu saƙa kujerun gora da ƴan kasuwa ke ci da guminsu. Wannan ne ya zama bankin Grameen a 1983, kuma a 2006 aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya shi da bankin. Bambancin a fili yake: a akwatin su Inna kuɗin na matan ne, a ɗayan kuma kuɗin daga waje yake zuwa, ya fi yawa, kuma ranar biya ba ta sauyawa.

Yaya ta gaji sana'ar Inna, amma ita ta fi dogon buri. Ta lura cewa ribar mai tana wurin sayen gujiya da kaka, lokacin da take araha, a ajiye a yi ta matsa har bazara. Abin da akwati ke iya ba ta bai kai ba. Sai suka haɗu su biyar suka je wani gidan bashi na ƙananan sana'o'i, kowa ta tsaya wa ƴar uwarta. Aka ba ta jika ɗari, za ta biya cikin wata shida, kowane wata da rabonsa.

Kwana biyu da karɓar kuɗin injin motona ya buga. Ni kuwa da moto nake zuwa aiki, da shi nake bin labarai. Na same ta tana tsince gujiya na ce: "Yaya, ki ara mini jika arba'in, ƙarshen wata in albashi ya fito zan maido." Ta ɗan yi shiru, ta ce: "Auta, ka san kuɗin mutane ne." Na ce ai kwana ashirin ne kawai. Ta shiga ɗaka ta ƙirgo ta ba ni.

Albashi bai fito ƙarshen watan ba. Da ya fito, akwai haya, akwai mai shago. Sai da na yi wata huɗu ina biyanta guntu-guntu, jika goma yau, jika biyar gobe. A tunanina na biya, tun da kuɗinta sun cika. Abin da ban lissafa ba shi ne, lokacin da kuɗin suka dawo hannunta kaka ta wuce, tiyar gujiya ta tashi, kuma guntun kuɗi ba ya sayen buhu, cefane yake tafiya. Ita kuwa bashin jika ɗari take biya da ribar jarin jika sittin. A wata na uku ta kasa haɗa rabon watan. In ba ta biya ba, matan nan huɗu za a bi. Sai ta kai tunkiyarta kasuwa. Ban sani ba sai bayan shekara, Inna ce ta faɗa mini a cikin hira, kamar ba komai. Wallahi ranar na rasa inda zan sa kaina. Na je na ba Yaya haƙuri, ta ce: "Ya wuce, ai ba bare ya ci ba." Wannan magana ta fi mini zafi da a ce zagina ta yi.

Ina jin labarin gidanmu ba baƙo ba ne a gidaje da yawa. Wani miji ne zai ce a ba shi ya sayi taki, wani ɗa ne da takardar magani, wani biki ne ko suna. Ba wanda ya yi niyyar cuta, kowa uzurinsa na gaskiya ne. Amma takardar bashin sunan mace ɗaya take ɗauke da shi, kuma ita ce za ta ji kunya a gaban ƙawayenta. Masana ma sun duba abin. A 2015 an wallafa sakamakon bincike daga ƙasashe shida, ciki har da Maroko da Habasha da Indiya, aka ga ƙaramin bashi yana taimaka wa wasu su faɗaɗa sana'a, amma bai fid da yawancin gidaje daga talauci ba kamar yadda aka yi ta zato. Ban yi mamaki ba. Bashi yana aiki ne in akwai sana'ar da ta riga ta tsaya, in an karɓe shi a lokacin da ya dace, in kuma ya isa inda aka nufa da shi bai tsiyaye a hanya ba.

Yanzu na gane hikimar kwaɗo uku. A da ina zaton don ɓarayi aka yi su. Ashe har da mu. In Baba ya tambayi Inna kuɗi, takan ce suna akwati, mabuɗi ba ya hannunta, sai ranar Laraba, kuma sai mata talatin sun ji dalili. Ba faɗa, ba ɓacin rai, jari ya tsira. Yaya kuwa kuɗinta a ƙarƙashin katifa suke, ba ta da abin da za ta fake da shi in ƙanenta ya zo da fuskar tausayi.

Shi ya sa nake roƙon masu bayar da bashin, in za su zauna da mata su yi bayanin ranar biya, su kira mazan gidan su ma su ji da kunnensu. Ku kuma iyayenmu mata, in kuɗi sun shigo don gujiya ne, a sayi gujiyar a ranar, kada su kwana. Mu maza kuwa, duk wanda ya ari jarin matarsa ko ƴar uwarsa, ya sani ba kuɗi kaɗai ya ɗauka ba, har da kakar shekarar.

Yaya ta biya bashinta tas, ta koma akwati, yau ita ke riƙe da ɗaya daga cikin mabuɗan ƙungiyarsu. Bara na saya mata tunkiya, ta karɓa tana dariya ta ce waccan ta fi wannan ƙiba. Ke kuma baiwar Allah da kika kira, in wannan rubutu ya iso gare ki, ki yafe mini dariyar da na yi. Ranar shiri mai zuwa da tambayarki zan buɗe, kuma maza nake son su fara kira.