Jirgin Gwanjo Mai Farfela Huɗu

Ina aji uku na firamare kawuna ya dawo daga Ikko da wata tsohuwar kalanda ta kamfanin jiragen saman Birazil mai suna Varig, wanda a wancan zamani jiragensa kan sauka Legas. Shekararta ta wuce, saboda haka aka ba mu ita mu yi bangon littattafai. Shafin da ya faɗo hannuna yana ɗauke da hoton wani jirgi mai ƙiba, mai farfela huɗu, yana sauka a bakin teku, ga wani dogon dutse a bayansa. Da shi na lulluɓe littafin lissafina har ya yage. Sai da na zama malamin labarin ƙasa na san cewa sunan jirgin nan Lockheed Electra, dutsen kuwa na birnin Riyo ne, kuma na san cewa jirgi ne da aka taɓa yi wa mummunar shaida.

A Amurka aka ƙera shi, ya fara tashi a watan Disamba na 1957. Bai daɗe da soma aiki ba masifa ta afka masa. Ran 29 ga Satumba, 1959, fiffiken ɗaya daga cikinsu ya ɓalle a sararin jihar Texas, mutum 34 suka halaka. Ba a cika wata shida ba, ran 17 ga Maris, 1960, haka ta sake faruwa a jihar Indiana, aka rasa mutum 63. Daga nan fa sai fasinjoji suka riƙa gudunsa kamar mai kuturta.

Da masu bincike suka duƙufa, sai suka tarar aibin yana wuri guda ne. Maƙalan da ke riƙe da injin a jikin fiffike ba su da isasshen ƙarfi. Idan suka ɗan saki, sai farfelar ta riƙa lilo kamar katantanwar da ta kusa faɗuwa, lilon nan ya shiga fiffike, su yi ta ƙara wa juna har ƙarfe ya gaji ya karye. Kamfanin Lockheed ya ƙarfafa maƙalan da fikafikan, matsalar ba ta sake dawowa ba. Amma sunan ya riga ya ɓaci, ga kuma jiragen jet sun shigo kasuwa. Guda 170 kacal aka ƙera aka tsaya.

To, a matsayin gwanjo ya isa Birazil. Varig, wanda wani Bajamushe mai suna Otto Ernst Meyer ya kafa a Porto Alegre a 1927, ya sayi kamfanin Real Aerovias a 1961, ya kuma gaji cinikin wasu tsofaffin Electra daga American Airlines. Suka fara isowa a 1962. A nan ne jirgin ya sami aikin da kamar dominsa aka yi shi. Tun 1959 kamfanoni suka haɗa kai suka kafa abin da suke kira gadar sama tsakanin Riyo da Sao Paulo, watau jirgi na tashi wani na sauka, kamar yadda motocin Kano zuwa Kaduna ke yi a tasha. Filin Santos Dumont na Riyo kuwa titinsa gajere ne, bai wuce mita dubu da ɗari uku da 'yan kai ba, ruwa a gaba ruwa a baya, ga duwatsu. Manyan jet na lokacin ba su iya shi. Electra kuwa, saboda iskar da faffaɗan farfelunsa ke hurawa a kan fiffike, yakan tashi ya sauka a nan ba tare da fargaba ba. Daga 1975 shi kaɗai aka bar wa hanyar, har zuwa Janairun 1992 da Boeing 737 ya karɓe shi. Shekara talatin yana hannun Varig, bai ci ran fasinja ko ɗaya ba. Da zai yi ritaya mutanen Birazil har bikin ban kwana suka yi masa, aka ajiye guda a gidan tarihin jiragen sama na Riyo. Shi kansa Varig ɗin ya durƙushe a 2006.

Mai karatu zai ce me ya haɗa malamin sakandare da wannan dogon labari. Wallahi ba son jirgi ba ne kawai, ni da ko sau ɗaya ban taɓa hawa ba. A shekarata ta biyu da fara koyarwa akwai wani yaro a ajina, mai zama can baya, wanda ya faɗi jarrabawata zango biyu a jere. Ba ya kwafar abin da na rubuta a allo, in na tambaye shi sai ya sunkuyar da kai. Ranar cika takardun sakamako na gaji, ga sauran takardu fiye da sittin a gabana, sai na rubuta a gurbin ra'ayin malamin aji: “Ba shi da kan karatu.” Kalma biyar, ban ɗauki minti guda ba. Mahaifinsa ya sa aka karanta masa, ya gaskata malam, ya cire shi ya kai shi tasha.

Bayan shekara biyu ƙaninsa ya shigo ajina, shi ne ya gaya mini cewa yayan nasa ba ya ganin abin da ke nesa tun yana ƙarami. Allon ne ba ya gani. Da na matso da shi benci na gaba, ko na ce a kai shi a gwada masa tabarau, da watakila shi ke nan. Masu binciken Electra sun tsince tarkace ɗaya bayan ɗaya a gonakin mutane, suka yi watanni suna neman inda aibin yake. Ni ko tasowa ban yi daga kujerata na je bayan aji na ga abin da yake gani ba.

Har yanzu yana tashar, shi ke rubuta sunayen fasinjoji, da tabarau mai kauri a fuskarsa. Rubutunsa ya fi nawa kyau. Duk ranar da zan yi tafiya, da ya hango ni sai ya taso ya karɓi jakata, ya russuna ya ce, “Malam, barka da asuba,” ya kuma sama mini kujerar gaba.