Da Godiya

Matso nan, Malam, bencin mai shayi ya ishe mu. Daga nan bakin titin College Road kana ganin Unguwar Dosa tana fita nema. Bar kallo, ka kasa kunne ga gaisuwa kawai. "Yaya aiki?" "Da godiya." "Yaya iyali?" "Alhamdulillahi." "Yaya kasuwa?" "Mun gode Allah." Wata safiya na ce bari in ƙirga sau nawa za a faɗa. Ban kai ƙarshe ba shayina ya huce.

Ga abin da na lura da shi. Mutanen nan ba ɓoye wahala suke yi ba. Suna faɗinta dalla-dalla, har da farashi. Sai dai godiya ce ke shiga gaba, ƙorafi yana biye. "Alhamdulillahi, amma ka san yanayin gari." Ban taɓa jin wanda ya juya jerin ba. Kamar yadda ake shimfiɗa tabarma kafin a zauna, haka ake shimfiɗa sunan Allah kafin a ɗora maganar mudun masara a kai.

Kuma akwai abin ɗorawa. A watan Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi, magidanta sun wuni a layin banki sun dawo hannu rabbana, alhali kuɗinsu na cikin asusu. Ranar 29 ga Mayu na wannan shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Wanda ya saba hawa Keke Napep zuwa Kawo ya koma sayyada. Mai zuwa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya haɗa cefanen mako a tafiya ɗaya. Mai shayin nan da kansa ya fara raba ƙullin madara gida biyu.

Godiyar mai ƙoshi ba ta burge ni. Ita ma godiya ce, Allah ya karɓa. Haka rubutun da ake mannawa a bayan mota da manyan baƙaƙe. Ba su nake saurare ba. Wadda nake jira tana fitowa ne daga bakin da ya bushe.

Dubi mai garuwan can. Jarka 12 ce a kurarsa, kowacce lita 25. Nauyin kilo 300 ke nan yake turawa, ban da ƙarfen kurar. Idan ya iso inda hanya ta yi tudu, sai ya duƙa, ya kafa kafaɗa, ya ce "Ya Allah" da muryar da ba don kunnen kowa aka yi ta ba. Bai tsaya jiran kurar ta hau da kanta ba. Hausawa suka ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Da ya kai sama sai ya miƙe, ya share gumi da gefen riga, ya ce "Alhamdulillahi" yana dariya, haƙora a waje. Sannan ya sa dutse a ƙarƙashin taya.

Dattijon da ke zaune kusa da masallaci da tiren goro, a masaƙa ya yi ƙuruciyarsa. Kakuri, can ƙetaren kogi, ta fara saƙa tun 1957, ta ciyar da dubban gidaje. Daga baya masaƙun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Tasa na cikinsu. Na ce masa, "Baba, yaya ƙarfin jiki?" Ya ce, "Ƙarfi ai na Allah ne, ɗana. Aro ya ba ni, kuma har yau bai ce in mayar ba." Ya faɗa yana murmushi, yana yayyafa wa goro ruwa.

Aro. Kalmar ta zauna mini. Wanda ya ɗauka ƙarfinsa nasa ne, ranar da ya ƙare ya ga ƙarshen duniya. Wanda ya san aro ne, ya san ƙofar da zai koma ya ƙwanƙwasa. Shi ya sa a unguwar nan sahun asuba bai ragu ba ko a watannin da tukwane suka ragu.

Kada ka zaci godiyar ta ɓacin rai ce. Makon jiya an yi suna a layinmu. Ragon ƙarami ne, wainar ma a ƙirge take. Amma da liman ya raɗa suna aka shafa fatiha, wata gwaggo ta rangaɗa guɗa daga cikin gida har tattabarun maƙwabta suka tashi. Guɗa ba ta tambayi kuɗin shinkafa ba.

Mai ƙosan da ke tsallaken titi Kirista ce. Tun rikicin 2000 kogin Kaduna ya zama kamar iyaka tsakanin mutanen garin nan, amma kaskonta yana nan. Tana juya ƙosai tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Ka ce mata, "Mama, yaya ciniki?" Za ta ce, "Mun gode Ubangiji." Sai bayan nan ta gaya maka kuɗin wake da na man gyaɗa.

Ga mai garuwan ya dawo, jarkokin wofi suna ƙara. Zai karɓi shayi ba madara da rabin burodi. Gaishe shi ka ji. "Sannu da aiki, yaya gajiya?" "Ba gajiya, da godiya." Ya yi bisimilla, ya kai kofi baki. Dutsen nan yana cikin kurar, ya taho da abinsa saboda tudun gaba.