Ido Ba Mudu Ba: Da Kekuna Huɗu Daga Munich Zuwa Tafkin Garda

A dogon hutun da ya gabata, mu uku 'yan ɗaki ɗaya muka ziyarci kawunmu a birnin Munich na ƙasar Jamus. Kawu yana da wata tsohuwar mota irin wadda Turawa ke tafiyar hutu da ita: daga gaba mota ce, daga baya kuma ɗaki ne mai gado da wurin girki da banɗaki. Mu dai motar-gida muka raɗa mata. Ya yi mana alkawarin zai kai mu Tafkin Garda, tafki mafi girma a Italiya, mu hau keke a bakin kogin da ke fita daga cikinsa. Mota tana nan, kekuna huɗu suna nan. Abin da babu shi ne wurin ɗora kekunan.

Kun san kariya, wannan ƙarfen da ke bayan keke wanda ake ɗaura wa kaya. To, motar-gida ma akan yi mata tata kariyar don ɗaukar kekuna. Muna tsammanin sayenta aikin minti goma ne, sai da muka yi kwana biyu a kai.

A shagon da Kawu ya kai mu, mai shagon ya nuna mana hanyoyi uku. Ta farko, kariyar da ake kafewa da noti a bangon bayan motar. Ba ta cika tsada ba, kuma da yake tana sama, ba ta rufe lambar mota da fitilu. Aibunta shi ne sai an ɗaga keke har tsayin ƙirji, kuma sai an huda bango a daidai wuraren da masu ƙera motar suka ƙarfafa, a liƙe ramukan da kyau don kada ruwan sama ya shiga ya ruɓar da bangon. Ta biyu, wadda ke zama a kan ƙugiyar jan tirela. Tana ƙasa-ƙasa, ɗora keke a kanta ba wuya, amma tana rufe lamba da fitilu, don haka dole ta zo da nata. Motar Kawu kuwa ba ta da ƙugiya, kuɗin sa ta ya fi kuɗin kariyar kanta. Ta uku, a zuba kekunan a ɗakin kaya da ke ƙarƙashin gadon baya, amma namu keke ɗaya kawai zai ci.

Idonmu ya tsaya kan wata kariyar bango mai layi huɗu, sai ƙyalli take yi. Layi huɗu, keke huɗu, magana ta ƙare. Mai shagon ya yi murmushi ya nuna mana wani ɗan rubutu a jikinta: kilo 60. Ya ce layukan suna faɗar kekuna nawa za su sami wuri, wannan lambar ce ke faɗar nawa ƙarfen da bangon za su iya ɗauka. Mu je mu auna tukuna.

Da muka koma gida, Yaya ya hau sikelin auna mutum shi kaɗai, sannan ya sake hawa riƙe da kowane keke, muna cire bambancin. Kekunan manya biyu, kilo 15 kowanne. Na Auta, kilo 12. Na Kawu, mai aiki da batir, kilo 25. Jimilla 67. An haura da bakwai.

Nan gida ya yamutse. Yaya ya ce a bar keken Auta, ai ƙarama ce, ta zauna a mota. Auta ta fashe da kuka, don tun a filin jirgi take zancen kogin nan. Kawu ya ce to a bar nasa. Mu kuwa mun san ciwon gwiwarsa: in ba keke mai batir ba, ba zai iya ko kilomita biyu ba, ga shi shi ne ya san hanya. Sai ɗayanmu ya ce, “Kawu, kilo bakwai fa ne kawai, mota guda za ta ji shi?”

Kawu bai yi musu ba. Ya ɗauko rula da gogiya ya ɗora a kan fensir, ya danna gefe ɗaya, ɗaya gefen ya tashi. Ya ce tayoyin baya su ne fensirin. Tsakanin tayoyin gaba da na baya na motarsa mita 4 ne, kekunan kuma za su rataya kusan mita 2 a bayan tayoyin baya. Ya sa muka yi lissafin da kanmu: 60 sau 6, a raba da 4, ya ba da 90. Wato kilo 60 a kan kariya kilo 90 ne a kan tayoyin baya, ragowar 30 ɗin kuma daga tayoyin gaba aka ɗage su. A motarsa tayoyin gaba ne ke ja, su ne kuma ke bin sitiyari. In suka yi sakayau a kan gangaren dutse ana ruwa, mota za ta daina jin magana. Darasin da muka yi ta hamma a kansa a ajin kimiyya, ga shi ya biyo mu har Jamus.

Auta ce ta kawo rabin maganin. Ta ce tunda ɗakin kaya yana cin keke ɗaya, a cire tayar gaban nata a sa shi ciki. Kawu ya ƙara da cewa batirinsa ana zare shi, kilo 3 ne, kuma dama ya fi kyau ya yi tafiya a cikin mota. Sauran a kan kariya: 15 da 15 da 22, kilo 52. Muka koma shago muka sayi mai layi uku, wadda ta fi arha, ta kuma fi sauƙin nauyi.

Saura lissafi na biyu. Lasin tuƙin Kawu na ƙananan motoci ne, wanda a Turai ya tsaya kan kilo 3,500, kuma iyakar da aka rubuta wa motar ke nan. Da muka haɗa nauyin motar da namu da kekuna da buhun shinkafa da tankin ruwa cike, sai muka ga mun zarce. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankin kuwa lita 100 yake ci. Muka zubar da 80, tunda akwai famfo a masaukin da za mu je. A sikelin auna motoci aka tabbatar mana muna ƙasa da iyaka da 'yan kiloli.

Abu na ƙarshe shi ne allo. A Italiya, kayan da suka zarto bayan mota sai an rataya musu allo mai ratsin ja da fari mai ƙyalli da dare, santimita 50 tsawo, 50 faɗi. Muka saya muka ɗaura a jikin keken ƙarshe. Keken Kawu, da yake ya fi nauyi, shi ya zauna kusa da bango.

Tafiyar kimanin kilomita 400 ce. Muka shiga Ostiriya, muka wuce Innsbruck, muka hau gadar Europa, mai tsayin mita 190 daga ƙasan kwari, Auta ta rufe ido. A mashigar Brenner, mita 1,370 sama da teku, inda Ostiriya ta ƙare Italiya ta fara, muka tsaya duba ɗauri. Bel ɗin tayar keke ɗaya ya saki saboda girgiza. Muka ɗaure shi, muka gangara ana yayyafi, ta Bolzano da Trento, gonakin inabi da tuffa dama da hagu. Motar ba ta yi ko gezau ba. Babu wanda ya sake maganar kilo bakwai.

Mun sauka a Peschiera, garin da ke cikin tsohuwar ganuwa ruwa kewaye da ita, inda kogin Mincio ke fita daga tafkin. Wajen ajiye motar sai da Yaya ya sauka yana yi wa Kawu alama, don kariya ta ƙara mata tsawon da madubi ba ya nunawa. Da safe muka sauke kekuna muka kama hanyar keke da ke bin kogin har birnin Mantova, kusan kilomita 45, shimfiɗaɗɗiya, babu hawa babu gangara sosai. Ruwan kore shar, agwagi na iyo, tsofaffi da yara duk a kan keke.

Ba mu kai Mantova ba. Bayan kimanin kilomita 15 muka isa Borghetto, ƙauyen da aka gina wasu gidajensa a kan ruwa, da tsofaffin injinan niƙa da kogin ke juyawa, ga katafariyar gadar da aka soma ginawa a 1393. Lungunansa ko ƙaramar mota ba za ta wala ba, balle motar-gida. Muka jingine kekuna huɗu a jikin bango muka ci burodi da cuku, Kawu yana shafa gwiwa yana dariya, Auta tana ƙirga kifi.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba, amma ya san kima. 'Yan'uwa ɗalibai, a wannan tafiyar namu idon bai san kimar ba, rula da fensir da sikeli ne suka kai mu mu huɗu bakin kogin. A hanyar dawowa, Auta ce ke bin bel ɗin kekuna ɗaya bayan ɗaya a duk inda muka tsaya, kuma ba ta yarda a tashi sai ta ce an gama.