Kwanakin Jinya a Sandamu

Litinin, 2 ga Disamba 2024
Mun iso gida bayan La'asar. Hanyar Kazaure, duk ramin da mota ta faɗa sai na ji shi a ƙashin ƙirji. Matashin kai rungume tun daga Kano. Inna ta ga ɗinkin tiyatar zuciyar, ta kau da kai.

Laraba, 4
Hazo. Tari ya dawo. Likitoci sun ce da waya aka ɗaure ƙashin, sai mako 6 zuwa 8 zai haɗe. Ba ɗaukar bokiti, ba hawa babur. Salla a zaune, sujada da nuni.

Alhamis, 5
Cikin dare bawul ɗin ƙarfen da aka sa mini a zuciya yana ƙas, ƙas. Uwargida ta tashi neman agogo. Mun yi dariya, ita ma dariyar da zafi.

Asabar, 7
'Yan dubiya tun hantsi, zaure cike. Gwaggo da gorar jiƙo da kwaɗon zogale. Na ce, "Gwaggo, a yi mini haƙuri, warfarin nake sha. Ganye in ya yi yawa rage masa ƙarfi yake, jiƙo kuwa likita ya hana." Ta ce da can da me aka warke? Ta bar gorar a bakin ƙofa.

Lahadi, 8
Wajen biyun dare, suka a hagu. Na danna wurin, zafin ya ƙaru. Ba gumi, numfashi lafiya, bai sauka hannu ba. Ɗinki ne ko zuciya? Na buga wa nas ɗin da ta ba ni lambarta. Ta ce mai ƙaruwa in an danna galibi na ƙashi ne da tsoka. In kuwa nauyi ne ya danne ƙirji, ko haki, ko zazzaɓi, ko ruwa na fita daga ɗinkin, a kama hanyar Daura nan take, kar a jira asuba. Barci bai dawo ba.

Talata, 10
Ba komai. Rediyo, magani, bango.

Juma'a, 13
Na taka har ƙofar makarantar allo na dawo, hutawa a hanya. Huɗuba daga kan tabarma. Ƙanena ya sayar da gero saboda kuɗin gwaji, bai gaya mini ba, a bakin yara na ji.

Litinin, 16
Gwajin jini a Daura. INR 1.9, ana son 2.5 zuwa 3.5. Likita ya ƙara magani ta waya, a sake gwaji ranar Alhamis. Sukar tana nan, sama-sama. Kuɗin motar Alhamis bai haɗu ba tukuna.