Daga Jama'a Zuwa Andalus: Kalmomin Da Tsoro Ya Koya Mana

Idan Allah ya kawo ki Zariya, ki shiga mota daga kasuwar Sabon Gari, ki bi ta Kwangila ki miƙe hanyar Sakkwato har Samaru. A wannan yanki Jama'a take, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Sabon Gari. Wuri ne na baƙi tun asali. Layin dogo ne ya raya Sabon Gari, Jami'ar Ahmadu Bello kuma, wadda aka buɗe a 1962, ta cika Samaru da ɗalibai. Shi ya sa kunnenki zai ji Yarbanci da Nufanci da Faransanci a layi guda.

Sai dai ki saurari hirar matan unguwa da kyau. Akwai kalmomin da iyayenmu ba su saba da su ba, yau har yara sun haddace: garkuwa da mutane, kuɗin fansa, 'yan bindiga. Ba haka kawai suka shigo ba. A Nuwamba 2020 aka sace ɗalibai 9 masu karatun Faransanci a jami'ar, a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, suna tafiya Badagiri don ƙaro ilimin harshe. A Yuni 2021 kuma aka kai hari Kwalejin Nuhu Bamalli, aka tafi da ɗalibai da malamai.

Wannan tsoro da rashin aiki kan sa wasu samari tunanin ƙetare hamada ta Agadas su nufi Sifen. To ki sani, Sifaniyanci ma yana da nasa kalmomin. Haɗari shi ne peligro, tsoro miedo, sace mutum secuestro, kuɗin fansa rescate. Mai neman agaji kuwa socorro yake ihu, ko ya kira 112, lambar da mu ma muke da ita a Nijeriya. Duk harshen da ya tanadi sunan abu, masu shi sun ɗanɗana shi.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne rehén, wato wanda ake riƙe da shi. Daga Larabci ta fito, daga rahanu, jinginar nan da muke karantawa a fiƙihu. Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 zuwa 1492, suka bar dubban kalmomi. Alcalde, shugaban gari, tushensa ɗaya da alƙali namu. Atalaya, hasumiyar tsaro, ita ma Larabci ce. Dubi yadda shari'a ta yi jingina don kare haƙƙin mai bashi, amma azzalumai suka mayar da ɗan Adam kayan jingina.

Don haka, 'yar'uwa, idan ɗanki ya fara maganar tafiya, ki zaunar da shi ki tambayi hanya da takardu da wanda zai karɓe shi. Ƙananan kuma ki haddasar da su cikakken sunan mahaifinsu, sunan unguwa da lambar waya ɗaya. Ki san maƙwabtanki, ki san mai unguwa da 'yan sintiri. Suratu Ƙuraishi ta haɗa ni'imar abinci da ta aminci wuri guda, don ɗaya ba ta daɗi sai da ɗaya.

Allah ya tsare mana zuriya, ya dawo da zaman lafiya ƙasarmu, amin.