Rubutun da ke Tambarin Soja

Duk wanda ke zaune a Paikon Kore ya saba ganin motocin soja a hanyar Gwagwalada, amma ba kowa ne ya taɓa tsayawa ya ƙare wa tambarin rundunar sojan ƙasa kallo ba. Gaggafa ce a sama, a ƙarƙashinta tauraro mai tsini shida, sai ɗan rubutun Larabci da ke cewa nasara daga Allah take. Tauraron nan tsoho ne. Shi ne a tutar da aka yi wa Najeriya bayan Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, shi ne kuma a jikin tsohon kwabo mai huda. Rundunar kanta tushenta na komawa ga 'yan Hausawan da wani Bature mai suna Glover ya tara a Legas a 1863. Ashe tambarin tarihi ne aka dunƙule wuri guda, da daɗinsa da ɗacinsa.

Masu son a kankare rubutun, har da lauyan da ya kai ƙara kotu a Legas a 2020, suna cewa ƙasar ba ta addini ɗaya ba ce. Gaskiya ne, kuma bai kamata a yi musu kunnen uwar shegu ba. Sai dai Larabci harshe ne, Kiristocin Masar da Lebanon da shi suke ibada, kuma sojan da ke zuwa coci ba ya musun cewa nasara ta Allah ce. In ma gadon baya ne laifin, tauraron Turawan mulki ya fi cancantar tuhuma. A ganina a bar rubutun, a riƙa koya wa kurata ma'anarsa tun daga Defot na Zariya.