Sarauniyar Lugu da rijiyar kakata

Tun ina yaro kakata ke ba mu labarin shekarar da nasara suka ƙone Birnin Ƙonni. Ita ma daga bakin uwarta ta ji. Takan ce an cika rijiyoyi da gawa, har mutane suka daɗe ba su sha ruwansu ba. Da na shiga lakkol, mushe bai taɓa ambaton wannan ba, ni kuwa sai na jefa zancen tsohuwa cikin kwandon tatsuniya, tare da Gizo da Ƙoƙi.

Littafin ƙagaggen labari ne ya kunyata ni. A 1980 Abdullahi Mamani, ɗan Sawaba da ya sha gudun hijira da kurkuku, ya fitar da "Sarraounia" da Faransanci. A ciki na tarar da ayarin Bule da Shanuwan, hafsoshin Faransa da suka ratsa ƙasarmu a 1899 suna neman tafkin Cadi, suna ƙone gari bayan gari, har suka harbe kanar ɗinsu Kulob a Dankori, kafin sojojinsu su juya musu bindiga kusa da Maijirgi. Na rufe littafin ina tuna rijiyar kakata. Ashe ba ta ƙara gishiri ba.

Mamani kam ya ƙara. Sarauniyarsa jaruma ce mai ƙuruciya, gwanar baka da kibiya, kuma haka Med Hondo ya nuna ta a fim ɗinsa na 1986, wanda ya ci babbar kyautar Fespako a Wagadugu a 1987. Abin da tarihi ya tabbatar bai kai haka armashi ba. Sarauniya Mangu shugabar addinin Azna ce. A watan Afrilun 1899 mutanen Lugu suka tari ayarin, suka kashe masa sojoji 4, suka ja cikin kurmi, nasara suka ƙone garin. A takardun hafsoshin, tsohuwar matsafiya kawai aka kira ta.

Wani abokina malamin tarihi yakan ce littafin ya ɓata yara, don yanzu kowa fim yake ba da labari yana zaton tarihi ne. Akwai gaskiya a maganarsa; ni kaina na ji ɗalibi yana rantsuwa Sarauniya ta kori Faransawa. Amma nakan tambaye shi: shekara 80 da aka yi kafin Mamani, wa ya hana masana su je Lugu su zauna gaban tsofaffi? Ga ta nan cikin Arewa, yankin Dogon Dutsi, sarautar ma ba ta mutu ba.

Mamani ya rasu a hatsarin mota a 1993, a hanyar Damagaram zuwa Yamai. Kakata ta riga shi da shekara biyu. Ban taɓa ce mata na gane gaskiya ta faɗa ba, kuma ban rubuta sunan unguwar da rijiyar take ba.